Tufka da warwara a harkar ilimi: firamare za a fara ba kuɗi ko jami'a?

Garba_Fagge
Assalamu alaikum jama'a. Abu biyu nake so mu tattauna, kuma a ganina igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Na farko kuɗi: a kasafin 2025 da Shugaba Tinubu ya kai majalisa, naira tiriliyan 3.52 aka ware wa ilimi, wajen kashi 7 cikin 100, kuma kaso mai tsoka albashi ne da ɗawainiyar manyan makarantun tarayya. Na biyu, amai da lashewa. A Yulin 2024 ministan ilimi Tahir Mamman ya ce sai mai shekara 18 zai shiga jami'a, a Nuwamba wanda ya gaje shi, Tunji Alausa, ya mayar da ita 16. A Nuwambar 2022 majalisar zartarwa ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa daga aji 1 zuwa 6, a Nuwambar 2025 aka soke. Ra'ayina shi ne, tunda kuɗin ba ya isa, a tattara shi a firamare, a bar buɗe sababbin jami'o'i, sannan a hana minista canza manufa sai da amincewar majalisa. Masana ku gyara mini inda na karkace.

Dan_Zazzau
Wa alaikumus salam. Ai matsalar daga tushe take. UNESCO ta ce a ba ilimi kashi 26, mu muna ba da 7. Me za a raba?

Malama_Rakiya
Dan_Zazzau, ɗan'uwa, wannan kashi 26 ɗin ya daɗe yana yawo a bakin mutane, amma abin da ƙasashe suka amince da shi a taron Incheon na 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 na duk abin da gwamnati ke kashewa, ko kashi 4 zuwa 6 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara. Kuma "gwamnati" a nan ta haɗa tarayya da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774. Ba a ɗaukar kasafin Abuja shi kaɗai a auna shi da wannan mudu. Duk da haka ba mu kai ba, wannan ba gardama.

Akanta_Kebbi
Malam Garba, inda maganarka ta ɗan zame shi ne ka ɗauka kuɗin firamare a kasafin tarayya yake. Ba a can yake ba. Albashin malamin firamare daga kason ƙaramar hukuma ake cire shi, ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ta biya. Ƙofa babba da tarayya ke shigar da kuɗi firamare da ƙaramar sakandare ita ce UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa. Dokar 2004 ta ce a ba ta abin da bai gaza kashi 2 cikin 100 na dunƙulallen asusun kuɗin shigar tarayya ba. Rabin wannan kuɗi shi ne tallafin da ake raba wa jihohi daidai wa daida, amma da sharaɗi.

Ga yadda ake ɗaukar sa. Jiha za ta zuba nata kason, daidai da na UBEC, a wani asusu na musamman. SUBEB ta rubuta tsarin aiki: makaranta kaza, ajujuwa kaza, benci kaza, rijiyar burtsatse kaza, da farashin kowanne. UBEC ta duba ta amince, sannan a saki kuɗi, a tallata kwangila, a yi aiki, jami'an UBEC su zo su gani. In jiha ba ta ba da bayanin yadda ta kashe na baya ba, na gaba yana maƙalewa. A 2023 kason kowace jiha wajen naira biliyan 1.39 ne, a 2024 ya haura biliyan 3.5. Wato jihar da ta zuba nata a 2024 tana da sama da biliyan 7 na aiki. Amma a ƙarshen 2024 shugaban UBEC na lokacin, Hamid Bobboyi, ya shaida wa sanatoci cewa sama da biliyan 135 na shekarun 2020 zuwa 2023 na nan jibge, jihohi ba su ɗauka ba. To ka ga ko ka ƙwace kuɗin jami'a ka zuba a wannan kwando, ƙofar fitarsa tana hannun gwamnoni.

Garba_Fagge
Na karɓi gyara, Akanta. Amma me zai sa gwamna ya ƙi kuɗin da aka ce kawo ɗaya ka ɗauki biyu?

Akanta_Kebbi
Saboda kuɗi ne mai idanu a kansa. Da zarar kasonka ya shiga wannan asusu, ya fita daga hannunka: ba ka biyan albashi da shi, ba ka karkatar da shi zuwa titi, kuma sai an tantance kwangilar. Biliyan 3.5 da ke baitulmalin jiha kuwa kai ke juya ta. A zamanin Buhari har sai da tarayya ta cire kason jihohi daga kuɗin Paris Club, wato rarar da aka cire musu wajen biyan bashin ƙasashen waje, da ake mayar musu, ta zuba musu da kanta.

Dakta_Sani_Samaru
Ban yarda da raba gari tsakanin firamare da jami'a ba. Wa ke samar da malamin firamare? Kwalejin ilimi, tunda takardar NCE da take bayarwa ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Wa ke samar da malamin kwalejin? Jami'a. In ka yunwatar da sama, ƙasa ma za ta rame, sai dai ba a gani sai bayan shekara goma.

Sannan gine-ginen da kuke gani a jami'o'i yawanci ba daga kasafin ma'aikatar ilimi suke ba. TETFund ce, asusun tallafa wa manyan makarantu. Asalinta harajin ilimi na 1993, wanda ya biyo bayan yarjejeniyar ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU da gwamnati ta 1992: kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni. A 2011 aka taƙaita shi ga manyan makarantun gwamnati, aka ɗaga shi zuwa 2.5 a dokar kuɗi ta 2021, sannan 3 a 2023. Rabon kuwa, jami'o'i kashi biyu, kwalejojin kimiyya da fasaha ɗaya, kwalejojin ilimi ɗaya. Abin da ke cikin kasafi shi ne albashi da ɗan kuɗin gudanarwa, wanda a jami'o'i da dama ko kuɗin wutar lantarki ba ya biya. Alkawarin da gwamnati ta yi wa ASUU a 2013 na ba jami'o'i naira tiriliyan 1.3 cikin shekara shida, biliyan 200 na farko aka saki, sauran ya zama abin ja-in-ja har yajin aikin wata takwas na 2022. Wace kitse ce a nan da za a yanka?

Hajiya_Asabe_Gusau
Dakta, Allah ya ƙara sani, amma ka tsallake rabin maganar Malam Garba. Bai ce a yunwatar da Jami'ar Ahmadu Bello ko Bayero ba, cewa ya yi a bar buɗe sababbi. Kowace sabuwar jami'a shugaba ne da magatakarda da ma'aji da majalisar gudanarwa da motoci, kafin ɗalibi ɗaya ya zauna a aji, kuma ita ma za ta shiga layin rabon TETFund. Tuwon bai ƙaru ba, hannuwa sun ƙaru. Gwamnatin da kanta ta gane haka, shi ya sa a Agustan 2025 ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya na shekara bakwai.

Dakta_Sani_Samaru
A nan kam ba mu da saɓani, Hajiya. ASUU ta daɗe tana faɗar haka. Abin da nake tsoro shi ne dakatarwar sanarwar majalisar zartarwa ce, kuma shekara bakwai ta ƙetare zaɓe biyu. Ku tuna a Mayun 2015 Jonathan ya mayar da kwalejojin ilimi na Kano da Zariya da Ondo da Owerri jami'o'i, bayan 'yan watanni gwamnatin Buhari ta dakatar, daga baya kuma aka dawo aka bi da su hanyar da aka fasa. Shekarun da ke tsakani, malamai da ɗalibai ba su san matsayin makarantarsu ba.

Sufeton_Makarantu
Ku ba ni dama in koma firamare, don akwai abin da lissafin Akanta bai taɓo ba. Tallafin UBEC na gini ne da kayan aiki, ba ya ɗaukar malami. Shi ya sa ake samun sabon bulok mai aji uku da fenti kore da fari, malami ɗaya tal a ciki, ya haɗa aji 1 zuwa 3 a ɗaki guda, sauran ɗakuna biyu a kulle.

Ku yi lissafin da gwamna ke yi. Malami ɗaya a mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, naira 840,000 ke nan a shekara, ban da ƙarin girma da fansho. Malamai 10,000 biliyan 8.4 ne, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa, har su yi ritaya. Gini kuwa sau ɗaya ake biya, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Makarantar da ke da yara 700 tana buƙatar malamai 20. Ku leƙa rajistar ma'aikata ta kowace makarantar ƙauye mai wannan yawa ku ƙirga.

Shi kansa ginin, ga inda yake mutuwa. Ana buga bulo da yashi fiye da ƙima, a sa katakon rufi ɗanye ba a shafa masa maganin gara ba, a buga kwano mara kauri ba tare da an ɗaure katakon da ƙarfe a jikin linta ba. Iskar farkon damina ta ɗage kwano biyu. Gyaran kwano biyu ƙaramin kuɗi ne, amma hedimasta ba shi da ko sisi na gudanarwa, sai ya rubuta wa sakataren ilimi, shi kuma ya rubuta wa SUBEB. Kafin amsa ta dawo ruwa ya jiƙa silin ya rufto, daɓe ya fashe, benci ya ruɓe. Shekara uku sai a sake ba da kwangilar "gyara" da kuɗin da ya ninka na kwano biyun nan sau ɗari. In za a tambaye ni abin da za a fara sa wa kuɗi: malami, sai ɗan kuɗin gudanarwa kai tsaye zuwa asusun makaranta kowane zango, hedimasta da shugaban kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, su sa hannu tare.

Ummu_Khalil
Baba Sufeto, wannan magana ta kwano biyu ita ce gaskiyar lamarin. Allah ya saka da alheri.

Dan_Zazzau
To ai yanzu Kotun Ƙoli ta ba ƙananan hukumomi 'yancin kuɗinsu tun Yulin 2024. Sai su ɗauki malaman da kansu.

Lauya_Bello
A bi a hankali, Dan_Zazzau. An taɓa gwada wannan. A 1988 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa, a 1991 ta rushe ta, ta miƙa firamare kacokan ga ƙananan hukumomi. Albashi ya tsaya, yajin aiki ya yawaita, a 1993 aka sake kafa hukumar. Shi ya sa ƙungiyar malamai ta NUT ke neman a riƙa cire albashinsu tun daga tushe kafin kuɗi ya isa hannun ciyaman. Ko a Abuja, malaman firamare sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki a 2025 kan albashin 70,000, kuma ƙananan hukumomin birnin ne ke da alhakin biya.

Game da shawarar Malam Garba ta a ɗaure minista da majalisa: akwai ƙamshin gaskiya. Ku lura da abin da ya rayu da abin da ya mutu. TETFund da UBEC sun ga shugabanni da dama suna nan, saboda doka ta yanka musu kaso daga wata majiya sananniya. Ko a ƙudurin gyaran haraji na 2024 da aka so a janye kason TETFund a hankali har ya ƙare a 2030, sai da aka je majalisa, aka yi sauraron ra'ayin jama'a, aka yi ca, dokar da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta bar mata rabin sabon harajin raya ƙasa na kashi 4. Abin da aka kafa da sanarwa kuwa, sanarwa ke kashe shi. Jarrabawar tantancewa ta bayan JAMB, ministan ilimi Adamu Adamu ya soke ta a 2016, shi da kansa ya dawo da ita a 2017.

Malama_Rakiya
Lauya, amma ba kowace warwara ce ɓarna ba. Dokar bashin ɗalibai da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ce sai wanda kuɗin shigar gidansu bai kai naira 500,000 a shekara ba, kuma sai ya kawo masu tsaya masa biyu daga manyan ma'aikata ko lauyoyi da makamantansu. Ɗan manomi a ina zai samo su? Ba a ba kowa ko kwabo da wannan doka ba. A Afrilun 2024 aka soke ta aka yi sabuwa, aka cire sharuɗɗan nan, asusun bashin ɗalibai na NELFUND ya buɗe shafinsa a Mayu. Yanzu kuɗin makaranta kai tsaye yake tafiya asusun makarantar, ɗalibi ya karɓi 20,000 a wata na ɗawainiya, babu kuɗin ruwa, biya kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa, kashi 10 na albashi. Da an ce ba a taɓa doka, da har yau muna kan ta farko. Haka maganar shekara 18: yara da yawa suna gama sakandare da 16 ko 17, ina za a ajiye su shekara biyu?

Lauya_Bello
Na yarda, Malama. Ba canjin nake ƙi ba, yadda ake yin sa nake ƙi. Kafin a soke manufa a fito da takarda a fili: nawa aka kashe, me aka auna, me aka samu, kuma yaran da ke tsakiyar tsarin yaya za a yi da su.

Hajiya_Asabe_Gusau
Wannan ma'auni na Lauya shi nake so a ɗora wa maganar harshen uwa, don ita ta fi ci mini rai. Hujjar da aka bayar ta soke ta ita ce yankunan da suka rungumi harshen gida sun fi faɗuwa WAEC da NECO da JAMB. To yaron da ya shiga aji 1 bayan Nuwambar 2022, aji nawa yake a 2025? Bai wuce aji 3 ba. Ta yaya sakamakon WAEC zai auna shi?

Kuma manufar ba ta taɓa samun kuɗin aiwatarwa yadda ya kamata ba. Koyar da lissafi da kimiyya da Hausa har aji 6 yana buƙatar a daidaita kalmomin fannu, a rubuta littafin ɗalibi da jagoran malami na kowane darasi a kowane aji, a gwada su a 'yan makarantu, a gyara, a buga, a horar da malamai, a sauya manhajar kwalejojin ilimi, a kuma tsara yadda Turanci zai shigo a matsayin darasi tun aji 1 har ya karɓi ragama. Aikin shekaru ne. Abin da ke faruwa a aji kuwa kowa ya sani: littafi da Turanci, malami ya karanta ya fassara da Hausa, yaro ya kwafe allo bai iya karanta ko ɗaya ba. Wannan ba koyarwa da harshen uwa ba ce. Inda aka yi abin da gaske, kamar gwajin shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 da Yarbanci, yaran ba su gaza a Turanci ba. Shirye-shiryen koyon karatu da Hausa da aka yi a Bauchi da Sakkwato da Katsina da Zamfara da tallafin ƙasashen waje sun bar littattafai da malaman da aka horar. Yanzu wa zai sa kuɗin sake buga su?

Injiniya_Musa_Jos
Hajiya, a yi mini afuwa, a Kano ko Gusau maganarki ta zauna. A Filato ko kudancin Kaduna ko Adamawa aji ɗaya na iya haɗa yara masu harshe biyar. Wanne ne na uwa? In ka ce Hausa, iyaye da yawa za su ce ba su yarda ba. Kuskuren 2022 shi ne doka ɗaya ga ƙasa mai harsuna sama da 500, na 2025 ma doka ɗaya ce. A bar kowace jiha ta zaɓa, tunda ita ke da makarantun.

Hajiya_Asabe_Gusau
Wannan na karɓa hannu biyu, Injiniya. Da haka aka ce da ban yi ƙorafi ba.

Abu_Tsangaya
Kuna ta firamare da jami'a, almajiri fa? Gwamnatin Jonathan ta gina makarantun tsangaya na zamani 157, ta buɗe ta farko a Gagi ta Sakkwato a 2012. Aka miƙa wa jihohi ba tare da an yanka kuɗin abinci da albashin alaramma ba. Makarantar kwana da babu tukunya a kan wuta ba ta riƙe yaro ko mako guda. Da yawa suka lalace. A 2023 aka kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. In ita ma gini za ta sa a gaba, ba ciyarwa da alawus ɗin malaman allo ba, za a maimaita.

Akanta_Kebbi
Ciyarwa tana jawo yara, Malam Abu, amma a san nauyinta. An fara shirin tarayya a 2016 da naira 70 kan kowane yaro na aji 1 zuwa 3, daga baya aka ce 100, a Janairun 2024 aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi. Yaro miliyan ɗaya a naira 100, kwana 180 na karatu, biliyan 18 ne, kuma naira 100 yau ko ƙwai ɗaya ba ta saye. Duk jihar da za ta fara ta lissafa na shekara huɗu tukuna. In aka fara aka tsaya, yaran da suka zo don abinci suna komawa, a bar rajista cike da sunaye.

Dan_Zazzau
Mu a Kaduna mun ga tufka da warwara. An sallami malamai 21,780 bayan jarrabawar 2017, an ƙara kuɗin jami'ar jiha ta KASU a 2021, Gwamna Uba Sani ya rage a 2023, daga 150,000 zuwa 105,000. Jam'iyya ɗaya fa.

Dakta_Sani_Samaru
Ragin ya yi wa iyaye daɗi, amma tambayar da ba a yi ita ce: giɓin da ragin ya bari, an cike wa jami'ar shi daga baitulmali, kuma ana sakin sa duk wata? Wannan ya shafi Kano ma, inda aka rage rabin kuɗin manyan makarantun jiha a 2023, aka ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024, aka ware wa ilimi wajen kashi 30 na kasafi. Adadi ne mai kyau ƙwarai. Sai dai warewa daban, saki daban. A kowace jiha, rahoton aiwatar da kasafi na wata uku-uku shi ne abin dubawa: a nemi layin manyan ayyuka na ma'aikatar ilimi da na SUBEB, a kwatanta abin da aka ware da abin da aka kashe zuwa ƙarshen Satumba.

Garba_Fagge
Na janye maganar a kwashe kuɗin jami'a, Akanta da Dakta sun nuna mini ba aljihu ɗaya ba ne. Amma ina nan kan bakana cewa firamare ce marainiya. Jami'a na da ASUU, ɗalibanta na da ƙuri'a da waya. Ɗan aji 2 a ƙauye wa zai yi masa yajin aiki? Lauya, ko akwai hanyar da mutumin gari zai bi ya san ko jiharsa ta zuba kason UBEC na bana?

Lauya_Bello
Akwai. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Ka rubuta wa shugaban UBEC takarda, ba sai ka faɗi dalili ba, ka nemi abu uku: shekarar ƙarshe da jiharka ta ɗauki tallafi, adadin da ya rage ba ta ɗauka ba, da kwafin tsarin aikin da aka amince da shi. Ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, kwana bakwai doka ta ba su. Tsarin aikin shi ne mai amfani, don yana ɗauke da sunan kowace makaranta da abin da aka ce za a yi mata. Sai a ba 'yan kwamitin SBMC na garin su je su ƙirga benci.

Sufeton_Makarantu
In sun je ƙirga benci, su ƙirga malaman da suka sa hannu a rajistar ranar, su kwatanta da sunayen da ke takardar albashi a ofishin sakataren ilimi. Kuma kada su je ranar Litinin da safe, su je Alhamis bayan tara.

Injiniya_Musa_Jos
Baba Sufeto, bayan an ƙirga an ga giɓi, wa za a kai wa? Sakataren ilimin da shi ya tura malaman cikin gari?